Tseren ratsa daji a makarantun Amurka: Yadda ɗalibai ke riƙe himma a atisayen bazara

A kowace shekara, da zarar an rufe makarantun sakandare a Amurka domin dogon hutun bazara, ɗalibai masu tseren ratsa daji kan shiga lokacin da masu horar da su ke ɗauka a matsayin mafi muhimmanci a shekara, ko da yake babu wata gasa ta makaranta a cikinsa.

Hutun kan ɗauki makonni 10 zuwa 12, daga ƙarshen watan Mayu ko tsakiyar Yuni zuwa Agusta ko farkon Satumba, gwargwadon tsarin kowace jiha. Wannan shi ne lokacin zafi a can, wato daidai lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa.

A cikin waɗannan makonni ne ake sa ran yaro ɗan shekara 14 zuwa 18 zai riƙa sammako yana gudun kilomitoci masu yawa, babu malamin da zai kira sunansa a rajista, babu kuma 'yan kallo.

Wasu kan jure har ƙarshe, wasu kan sare a tsakiya, wasu kuma kan yi zaƙewar da za ta kai su ga rauni. Sakamakon kowane ɗaya daga cikin ukun ba ya fitowa fili sai an shiga kaka, lokacin da ake gudanar da gasannin.

Wane irin wasa ne?

Tseren ratsa daji, wanda a Turance ake kira cross country, gudu ne na dogon zango da ake yi a kan ciyawa da turɓaya da tuddai da taɓo, maimakon a zagayayyen filin tsere ko a kan kwalta.

Ya samo asali ne daga makarantun kwana na Ingila a ƙarni na 19, inda wasu ɗalibai kan yi gaba suna watsa guntayen takarda, saura kuma su bi sawunsu kamar mafarauta.

An fara gasar zakarun ƙasa da ƙasa a shekarar 1903 a Scotland. A 1973 kuma aka fara gasar duniya a ƙarƙashin hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, gasar da 'yan Kenya da Habasha suka mamaye tun daga shekarun 1980.

A makarantun sakandaren Amurka, tsawon tseren a mafi yawan jihohi kilomita 5 ne. Ana fara gasanni a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, a kammala da gasar zakarun jiha a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba.

Alƙaluman tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta ƙasar, wato NFHS, sun nuna cewa a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ɗalibai kusan rabin miliyan ne suka shiga wasan, maza kimanin 270,000, mata kuma kimanin 220,000.

Ana danganta yawan matan da wata doka ta 1972 wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya.

Yadda ake lissafin maki

Ko da yake kowa da ƙafarsa yake gudu, wasan na ƙungiya ne. Kowace makaranta kan fito da 'yan tsere bakwai, sannan a haɗa matsayin biyar ɗin da suka fara isowa daga cikinsu. Makarantar da ta fi ƙarancin maki ita ce ta yi nasara.

Idan 'yan makaranta ɗaya suka zo na ɗaya har zuwa na biyar, suna da maki 15, wanda shi ne mafi kyau da za a iya samu.

Alal misali, makarantar da 'yan tserenta suka zo na 1 da na 2 da na 3 da na 40 da na 50 tana da maki 96. Wadda kuwa nata suka zo na 10 da na 12 da na 15 da na 18 da na 20 tana da maki 75, saboda haka ita ce a gaba, duk da cewa ba ta da gwani ko ɗaya a sahun farko.

Na shida da na bakwai su ma suna da amfani, domin duk wanda suka riga isowa daga wata makaranta sun ƙara wa makarantarsa maki. Idan kuma aka yi kunnen doki, na shida ne ke raba gardama.

Wannan tsari ne ya sa lalacin mutum ɗaya a lokacin hutu kan shafi kowa. Idan na biyar ya yi watanni biyu yana barci, wahalar da sauran huɗun suka sha tana iya tashi a banza.

Me ya sa bazara ke da muhimmanci?

Kakar gasannin gajeriya ce, ba ta cika wuce makonni 10 zuwa 12 ba, kuma kusan kowane mako akwai tsere. Babu sararin gina juriya a cikinta, sai dai a yi amfani da wadda aka riga aka gina.

Masana aikin jiki sun yi bayanin cewa gudu mai tsawo a hankali, idan aka ɗore da shi na makonni, yakan ƙara wa zuciya ƙarfi har ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Ƙananan hanyoyin jini da ke ratsa tsoka kan ƙaru, ita kuma tsokar ta ƙara iya amfani da iskar oksijin wajen samar da kuzari.

Ƙashi da jijiyoyi su ma kan ƙara ƙwari, sai dai sun fi zuciya da huhu jinkirin sabawa. Haka kuma, idan mutum ya daina atisaye na makonni biyu zuwa huɗu, abin da ya tara yakan fara zubewa.

Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan tunani na aza harsashi shi ne Arthur Lydiard, wani mai horarwa ɗan ƙasar New Zealand, wanda ya riƙa sa 'yan tserensa gudun mil 100 a mako, wato kimanin kilomita 160, kafin su taɓa atisayen sauri.

A gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum, ɗalibinsa Peter Snell ya ci zinariya a tseren mita 800, Murray Halberg ya ci ta mita 5,000, shi kuma Barry Magee ya samu tagulla a gudun famfalaki.

Ɗaliban sakandare ba sa kai wa wannan adadi. Sabon shiga kan yi kilomita 25 zuwa 40 a mako, manyan da suka goge kuma kilomita 65 zuwa 95, gwargwadon shekarunsu da tsarin kocinsu.

Wani bincike da Mitchell Rauh na jami'ar San Diego State ya wallafa a 2014, bayan bin diddigin ɗalibai fiye da 400, ya nuna cewa waɗanda atisayensu na bazara bai wuce makonni takwas ba sun fi saurin jin rauni a watan farko na kakar gasa. Haka ma waɗanda ba sa sassaɓa gudu mai tsawo da gajere daga rana zuwa rana.

Abin da ke kashe gwiwa

Abu na farko shi ne nisan lada. Yaron da ya fara atisaye a watan Yuni ba zai ga amfaninsa na sosai ba sai a gasar jiha, bayan kusan watanni biyar.

Na biyu shi ne ƙosawa. Mafi yawan gudun bazara a hankali ake yin sa, a kan hanyoyi ƙalilan da ke kusa da gida, yau kamar jiya.

Na uku shi ne rushewar tsarin yini. Idan babu makaranta, yara kan kai tsakar dare a kan waya ko talabijin, su makara da safe, kafin su tashi kuma rana ta take. Wasu iyalai kan yi balaguro, wasu ɗalibai kuma kan kama aikin wucin gadi a gidajen abinci ko wuraren ninƙaya ko gonaki.

Na huɗu kuwa shi ne rashin koci. Kowace jiha tana da ƙa'idarta game da yadda mai horarwa zai yi hulɗa da ɗalibai a lokacin hutu, kuma bisa al'ada atisayen bazara na ganin dama ne. Wasu jihohi, irin su Michigan da Tennessee, sun keɓe wasu kwanaki da aka hana atisaye a ƙarƙashin makaranta ɗungurungum, domin iyalai su samu hutu.

Masu horarwa da dama kan ce watan Yuli ne ya fi wuya. Ɗokin farkon hutu ya wuce, komawa makaranta da saura, zafi kuma ya kai maƙura.

Gudu cikin rukuni

Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen magance wannan matsala ita ce haɗuwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Manyan ɗalibai da aka naɗa kyaftin su ne kan shirya haɗuwar, galibi da ƙarfe shida ko bakwai na safe, a ƙofar makaranta ko a wani lambun shaƙatawa.

Dalilin a bayyane yake: yaro yana iya saɓa alƙawarin da ya yi wa kansa ba wanda ya sani, amma yana jin nauyin barin abokansa tsaye suna jiransa.

Bincike ya ƙarfafa wannan fahimta. Wani gwaji da aka yi da 'yan tseren kwale-kwale na jami'ar Oxford, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2009, ya nuna cewa sun fi jure ciwo bayan sun yi atisaye tare, fiye da bayan kowa ya yi shi kaɗai.

A 2017 kuma wasu masana biyu na cibiyar fasaha ta Massachusetts, Sinan Aral da Christos Nicolaides, sun nazarci bayanan masu gudu fiye da miliyan ɗaya a wani dandalin intanet, suka gano cewa idan abokan mutum suka ƙara nisan gudunsu, shi ma yakan ƙara nasa.

Ƙungiyoyi kan haɗa gudun da abubuwan zumunci, kamar karin kumallo tare bayan dogon gudun ranar Asabar, ko sauya hanya kowane mako, ko wasannin raha a fili.

Masu hali kan tafi sansanin atisaye na mako guda, wasu a garuruwa masu tudu irin su Flagstaff a jihar Arizona, wanda ke kan tsayin kimanin mita 2,100. Mako guda bai isa jiki ya saba da tudu sosai ba, saboda haka babbar ribar irin wannan tafiya ita ce shaƙuwa tsakanin 'yan ƙungiya.

Buri da lissafi

Hanya ta biyu ita ce gutsuttsura babban buri zuwa ƙanana.

Masana halayyar ɗan Adam Edwin Locke da Gary Latham, waɗanda suka shafe shekaru da dama suna nazarin batun, sun nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi sa mutum ƙoƙari a kan a ce masa kawai ya yi iya yinsa.

Saboda haka maimakon yaro ya ce yana so ya yi fice a kaka, koci kan sa shi ya rubuta cewa zai yi gudu sau biyar a wannan mako, jimillar kilomita 40. Wannan abu ne da zai iya dubawa ranar Lahadi ya ga ko ya cika.

Wani masanin, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa wanda ya tsai da lokaci da wurin da zai yi abu tun kafin lokacin ya zo ya fi cika niyyarsa. Wannan ne ya sa ake ba ɗalibai shawarar su ajiye takalma da tufafin gudu tun da dare, su kuma san hanyar da za su bi tun kafin su kwanta.

Kundin atisaye shi ma daɗaɗɗen abu ne a wannan wasa. A da a littafi ake rubuta nisan da aka yi da lokacin da aka ɗauka da yadda jiki ya ji. Daga baya agogon hannu mai aiki da tauraron ɗan Adam da manhajoji irin su Strava, wadda aka kafa a 2009, sun ɗauke wannan aiki.

Sai dai manhajojin sun zo da tasu matsalar. Tunda kowa yana ganin gudun kowa, yara kan mai da atisayen yau da kullum tamkar gasa, alhali nazarin da masani Stephen Seiler ya yi a kan manyan 'yan tseren dogon zango ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa.

Ma'aunin da masu horarwa kan bayar mai sauƙi ne: idan mai gudu ba zai iya hira da na kusa da shi ba, to ya yi sauri da yawa.

Kyauta ko sha'awa?

Makarantu da yawa suna raba riga ta musamman ga duk wanda ya cika mil 300 ko 500 a lokacin hutu, wato kimanin kilomita 480 ko 800. Rigar ba ta da tsada, amma tana da daraja a idon yara domin ba a sayen ta.

Masana dai suna jan hankali game da dogaro da kyauta. Tun a 1971 Edward Deci na jami'ar Rochester ya yi wani gwaji inda ya biya wasu ɗalibai kuɗi domin su warware wani wasan wasa ƙwaƙwalwa. Da aka daina biya, sai sha'awarsu ga wasan ta ragu.

Daga baya shi da abokin aikinsa Richard Ryan suka bayyana cewa himma mai ɗorewa tana tsayawa ne a kan abubuwa uku: mutum ya ji cewa da zaɓinsa yake yin abu, ya ga cewa yana ƙara ƙwarewa, ya kuma ji cewa yana cikin jama'ar da ta damu da shi.

A aikace wannan yana nufin koci ya bar yara su zaɓi hanya ko ranar hutunsu, ya nuna wa kowa ci gabansa a kan inda shi kansa ya faro, ya kuma lura da na baya kamar yadda yake lura da na gaba.

Akwai kuma wata illa ga rigar mil: yaron da ke neman cika adadi yana iya ɓoye ciwo, ko ya ƙara kilomitoci a kundi waɗanda bai yi ba.

Misalai uku

Makarantar York da ke garin Elmhurst a jihar Illinois ta shahara a wannan fanni a ƙarƙashin Joe Newton, wanda ya horar da ƙungiyarta ta maza daga 1960 zuwa 2016, ya kuma ci gasar jiha sau 28. Ƙungiyar ce ta lashe gasar ƙungiyoyi ta ƙasa ta farko da kamfanin Nike ya shirya a birnin Portland a 2004.

An san York da yawan atisaye, har tana da rukunin waɗanda suka cika mil 1,000 a hutun bazara, wato kimanin kilomita 1,600. Amma abin da aka fi tunawa da shi game da Mista Newton shi ne, duk da cewa yaransa kan haura 100, yana kiran kowa da sunansa ko laƙabin da ya raɗa masa, yana kuma gaisawa da kowa hannu da hannu a kullum. Ya rasu a watan Disamban 2017.

Misali na biyu shi ne McFarland, wani ƙaramin garin manoma a jihar Kaliforniya, inda zafin bazara kan haura digiri 38 a ma'aunin Salshiyas.

Akasarin yaran da koci Jim White ya horar 'ya'yan leburorin gona ne 'yan asalin Meziko, waɗanda kan yi aikin tsinkar amfanin gona tun da asuba, sannan su fito atisaye da yamma, shi kuma yana bin su a kan keke.

Sun ci gasar jiha a rukuninsu a 1987, shekarar da aka fara ta, daga bisani kuma suka kai jimillar sau tara. An yi fim a kan labarinsu a 2015.

Na uku shi ne Steve Prefontaine na garin Coos Bay a jihar Oregon. A shekararsa ta farko a sakandare ya zo na 53 a gasar jiha, a shekara ta biyu kuma ya kasa samun gurbin gasar jiha ta tseren mil biyu a filin tsere.

Bisa shawarar kocinsa Walt McClure, sai ya duƙufa ga atisayen bazara. A kakar 1967 babu wanda ya riga shi isowa ko sau ɗaya, har ya ɗauki kambin jiha. Shekaru biyar bayan haka ya zo na huɗu a tseren mita 5,000 a gasar Olamfik ta birnin Munich.

Matsalar zafi

Zafi yana karya gwiwa, yana kuma iya kisa.

Idan mutum yana gudu cikin zafi, jiki kan karkatar da wani kaso na jini zuwa fata domin ya huce, saboda haka zuciya kan ƙara bugu, saurin gudu kuma ya ragu. Idan iska tana da laima, kamar yadda take a jihohin kudu maso gabas irin su Florida da Georgia, gumi ba ya bushewa da wuri, abin da ke ƙara tsananta lamarin.

Yaron da bai san haka ba yakan duba agogo ya ga yana ja da baya, sai ya zaci wahalarsa ba ta da amfani. Shi ya sa ake shawartar ɗalibai su auna gudun bazara da mintoci da kuma yadda jiki ke ji. Da zarar sanyin kaka ya shigo, saurin kan dawo har da ƙari.

Jiki yana buƙatar kwanaki 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. A 2009 ƙungiyar jami'an kula da lafiyar 'yan wasa ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin da suka nemi makarantun sakandare su keɓe kwanaki 14 na farkon atisaye domin wannan sabo, ana ƙara nauyi sannu a hankali.

Alamomin haɗari sun haɗa da jiri da amai da tangaɗi da ruɗewar hankali. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 tare da ruɗewa, likitoci sun ce a tsoma mutum cikin ruwan sanyi nan take, a kuma nemi motar asibiti.

Dangane da shan ruwa, ana iya auna nauyi kafin gudu da bayansa: kowane kilo guda da ya ragu daidai yake da kimanin lita guda ta ruwa. Shan ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne, domin yana tsarma gishirin da ke cikin jini.

Tarihin wasan kansa yana da darasi a kan zafi. A gasar Olamfik ta 1924 a birnin Paris, an yi tseren ratsa daji cikin matsanancin zafi. Daga cikin mutane 38 da suka fara, 15 ne kawai suka kai ƙarshe, Paavo Nurmi na ƙasar Finland ne ya zo na ɗaya. Bayan wannan shekara aka cire tseren daga jerin wasannin guje-guje na Olamfik.

Haɗarin wuce gona da iri

Kamar yadda ƙarancin himma ke da illa, yawanta ma yana da tasa. Yaron da ya yi sakaci a Yuni sannan ya nemi ramawa a Agusta shi ne ya fi fuskantar ciwon ƙwauri da na gwiwa da kuma tsagewar ƙashi. Hausawa dai kan ce sauri ya haifi nawa.

An daɗe ana koya wa masu gudu cewa kada su ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan gudunsu daga mako zuwa mako. Sai dai wani gwaji da aka yi a birnin Groningen na ƙasar Holand, wanda aka wallafa a 2008, ya gano cewa a tsakanin sababbin masu gudu, kimanin kashi 20 cikin 100 sun ji rauni, ko sun bi wannan ƙa'ida ko ba su bi ba.

Saboda haka ba a ɗaukar wannan adadi a matsayin kariya tabbatacciya. Masu horarwa kan haɗa shi da rage nauyi bayan kowane mako uku ko huɗu, da kuma sauraron ƙorafin jiki.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar matasa su huta kwana ɗaya zuwa biyu a mako daga wasan da suka duƙufa a kai. Masana barci na ƙasar kuma sun ce 'yan shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar barcin sa'o'i takwas zuwa 10 a kullum.

Batun abinci ya fi kowanne tayar da hankalin likitoci, musamman a kan 'yan mata. Idan abin da ake ci bai kai abin da gudu ke ƙonewa ba, al'ada kan tsaya, ƙashi ya yi rauni, gajiya ta yi yawa. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya bayyana cewa wannan matsala ta ƙarancin kuzari tana shafar maza ma.

A 2019 Mary Cain, wadda ta yi fice tun tana ɗalibar sakandare a jihar New York, ta bayyana cewa matsin lambar rage ƙiba bayan ta zama ƙwararriya ya sa al'adarta ta ɗauke na shekaru uku, ta kuma samu karaya sau biyar. Bayanin nata ya jawo muhawara mai zafi kan yadda ake horar da 'yan mata.

Alamomin cewa atisaye ya yi yawa sun haɗa da rashin barci, da saurin fushi, da yawan mura, da kuma ƙin gudun da a da ake ɗokinsa. A irin wannan hali masana sun ce hutu ake buƙata, domin ƙara matsa wa yaro lamba yana iya sa ya bar wasan gaba ɗaya.

Komawa makaranta

A mafi yawan jihohi ana fara atisaye a hukumance a cikin watan Agusta. Masu horarwa da dama kan buɗe da tseren gwaji na mil biyu ko uku, wanda a nan ne ake gane wanda ya yi aiki a hutu da wanda bai yi ba.

Daga sakamakon gwajin da gasannin farko ake fitar da bakwai ɗin da za su wakilci makaranta. Saura kan shiga tseren rukuni na biyu, domin makarantu da yawa ba sa korar kowa daga wannan wasa, kuma jerin bakwai ɗin yana iya sauyawa daga mako zuwa mako.

Wasu iyaye da ɗalibai suna kallon wasan a matsayin hanyar samun tallafin karatun jami'a. Sai dai hukumar wasannin jami'o'i ta Amurka, NCAA, ta sha bayyana cewa kimanin kashi biyu cikin 100 ne kawai na 'yan wasan sakandare ke samun irin wannan tallafi.

Ga mafi yawan ɗaliban, abin da atisayen bazara ke saya musu shi ne gurbi a cikin ƙungiya, da lafiyar da za ta kai su ƙarshen kaka, da kuma damar rage wasu daƙiƙoƙi ko mintoci daga lokacin da suka yi a shekarar da ta gabata.